Hunturun Kosta Rika

Tun daga unguwar Faisal ta Alƙahira Rashid ke zage-zage, har ya shiga jirgin metro bai huce ba. Wani dattijo ya taka masa ƙafa ya ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, Rashid ko kallonsa bai yi ba.

To ga abin da ya faru. Ya tashi da safe ya tarar da saƙon murya daga ƙanwarsa Hanifa. Yarinyar nan fa noma ta karanta a Maraɗi, Allah ya ba ta sa'a aka ɗauke ta horon wata shida a Kosta Rika. Ta Alƙahira ta biyo, ta yi sati biyu a wurinsa, shi ya yi mata komai.

"Yaya, wallahi kun kashe ni. Wane hunturu? Zafi ne kamar cikin tukunya, kullum da la'asar ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na buɗe akwati, kwat uku, hular sanyi, safar hannu. Ba lema, ba takalmin roba. 'Yan ajinmu har hoto suka ɗauke ni."

Sai kuka. Kwana huɗu tana shiga taɓon gonar ayaba da takalmi mai gashi a ciki, ƙafafu duk sun saluɓe. Malaminsu ya ce ba gona sai ta warke, kuma a gonar ake ba da maki.

Duk dai takardar nan ce. Ofishin tafiye-tafiye da ke unguwar Ma'adi, inda suka yanki tikiti, suna ba kowa takardar shawara da harshensa. An tambayi Hanifa, Faransanci ko Hausa? Rashid ya yi caraf ya ce Hausa mana, mu ba bayin kowa ba ne. Ya karanta mata a tsaye, har ya ce kai, wannan ya sha Hausa a nono. Takarda ta ce daga Mayu zuwa Nuwamba hunturu ne, sanyi mai ratsa ƙashi, a tafi da manyan riguna, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Washegari ya ja ta kasuwar gwanjo, suka cika akwati taf.

Abin da ya fi ƙona masa rai, ya san irin mutanen. Shi ma da fassara yake ci da kansa, a waya. Manhaja ce ke turo layuka a gutsure, hamsin, sittin, ba sunan mai aiki, ba komai, ka juya su Hausa ka tura. A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, ma yana yi. Amma shi ai yana sa wa aikinsa gishiri, ba kamar 'yan danna-dannan nan da suka cika sana'ar ba.

Ya tura ƙofar ofishin ba sallama. Manajar, wata Bamisiriya ce, Madam Dalia, tana shan shayi. Ya buga takardar a kan tebur har kofin ya yi rawa.

"A hankali, ya ustaz."

"Ba a hankali! Ƙanwata na kwance ba ƙafa. Kun ce mata sanyi, ta je ta tarar da damina!"

Madam Dalia ta buɗe kwamfuta, ta nemo na Larabcin, ta juyo masa da fuskar ya gani. Ashe mutanen can damina suke kira hunturu da harshensu, don ba su da wani sanyi, ruwa ne da rani kawai. Wanda ya rubuta na Larabci ya sa shita, wato hunturu da Larabci. Kuma a Masar, in sama ta zubo, shita ake cewa. Layin da ke ƙasa ma ya faɗi ƙarara, a riƙe lema.

"Manyan rigunan fa?" in ji Rashid.

"Babu su a namu. Mai fassara ne ya ƙara daga aljihunsa."

Wayyo. Nan fa wuta ta tashi. Jakin ina ne wannan? Ko wanda ya yi wata ɗaya a Alƙahira ya san shita biyu ce. Ya ga kalma ɗaya, bai tambaya ba, bai duba taswira ba, ya zauna ya ƙaga sanyi, har da karin magana! Layin lema kuma da ya ga bai dace da hunturunsa ba, sai ya mai da shi hula. Wannan ba kuskure ba ne, iyayi ne, kuma iyayi ya fi jahilci illa.

Madam Dalia ta ce za su aika wa Hanifa takalmin roba da magani ta hannun wakilinsu na can, khalas, a bar maganar.

Rashid ya ce ina! Sunan mutumin yake so.

Ta ce ba suna, lamba ce kawai, daga waje suke ba da aikin. Amma in mai ƙorafi ya sa hannu, za a rufe wa mutumin aiki gaba ɗaya.

"Ka yi tunani, ya ustaz. Wataƙila ɗalibi ne, da wannan yake cin burodi."

"Ya ci ƙasa! Ina zan sa hannu?"

Ya rattaba, da sunansa da na ubansa, har biro ya huda takarda. Ya ce a gabansa za a tura, ba zai motsa ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta danna.

"Tamam. An gama."

Ya fito yana huci, ransa ya ɗan yi sanyi. A bakin titi ya tsaya zai yi wa Hanifa albishir cewa Yayanta ya rama mata, sai waya ta yi ƙara a hannunsa. Daga manhajar aikinsa ne: an dakatar da kai daga fassara har abada, bisa ƙorafin Malam Rashid Isufu.