Saniyar Dije

A bakin tabkin Madarumfa Lawali ya iske Dije, bazawarar da yake nema, tana wanki. Ya tsuguna bai dube ta ba.

"Baƙon nan mai ninka kuɗi ya ce nawa ba su isa ba. Ki saida saniyarki mu ƙara, a ɗaura mana aure kafin damina."

Ta ci gaba da matse zane. "Kuɗin gyaɗarka fa?"

"Suna hannunsa."

"Duka?"

Ya ɗaga kai alamar e.

Ko haushi ba ta ji ba.

"Mai ninka kuɗi da yagaggen takalmi, Malam Lawali? Saniyata ba ta zuwa ko'ina. Ka dawo ranar da ka daina jiransa."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Bai ce zai daina ba.