Tudun Yashin da Ya Ɓace

Sau uku Warwick Tremlett ya ɗaura laktaya a safiyar Litinin ɗin nan, sau uku tana fitowa a karkace. Matarsa Noelene ce ta lalubo wuyansa ta gyara masa, ita da idanunta ke dushewa.

Ta taga yana hango motar da suka saya bara, mai gado da murhu a ciki. Ya yi wa Noelene alkawarin za su bar garin Cairns su zaga ƙasar kaf, daga teku zuwa teku, kafin duhu ya gama rufe mata ido. Likita ya ce shekara ɗaya ta rage wa ganinta, in an yi sa'a. Sai ga shari'ar wani jirgin kamun jatan lande da aka kama a teku ta faɗo masa a ka, takarda ta zo da sunansa ɓaro-ɓaro a sama.

Maganar ba ta da wuyar ganewa, lauyoyi ne dai suka ga wurin ci. In an kama jirgin cikin mil uku daga gaɓa, ruwan jiha ne, kotun jiha za a tura shari'ar, Warwick ya kaɗe rigarsa ya kama hanya. In kuwa ya wuce mil uku ko da taku ɗaya, hurumin kotun tarayya ne. A can shari'a ba ta sauya hannu, alƙalin da ta faɗa wa shi zai rungume ta har ƙarshe. Duk wanda ya san kan abin ya gaya wa Warwick gaskiya: wata goma sha takwas zai yi a kulle, a ɗakin da ko taga babu.

Tun da abin ya faru abokansa suka daina ta da zancen kifi a gabansa. Ranar Asabar a wurin gasa nama, da ya iso sai kowa ya koma maganar ruwan sama. 'Yan jarida sun kira, ya ce ba shi da izinin cewa uffan.

Alƙalan tarayya kuwa, Warwick bai taɓa raga musu ba. Ya ce na kudu ba sa zuwa nan arewa sai sanyi ya koro su daga can, su yi kwana uku suna fifita da takardun mutane, su hau jirgi su gudu. Guda ɗayan da ke zaune a garin kuma tsohon jaki ne mai taurin kai, wanda zai iya ɗaure uwarsa in sashe na kaza ya ce a ɗaure.

"Na fi ka saninsa," in ji Noelene. "Sha shayinka, tsoho, mota na jira."

Motar gwamnati ce ta zo ɗaukarsa, ya shiga ya zauna a baya.

Abin da ke cin ransa shi ne akwai mafita, kuma a buɗe take. Tsohuwar taswira ta nuna wani tudun yashi da ke leƙowa in ruwa ya janye. In aka lissafa daga tudun, jirgin yana cikin ruwan jiha. Lauyoyin ɓangarorin biyu duk sun amince da haka, don kotun jiha ta fi kusa da inda suke cin abincin rana. Amma cikin takardun shari'ar, a kwali na talatin da ɗaya, a shafin da ba lauyan da ya kai gare shi, mai awon teku ya rubuta cewa guguwa ta share tudun shekara shida da suka wuce. Ba tudu, jirgin ya wuce iyaka da taku arba'in. Warwick kaɗai ya karanta, domin shi ne wawan da ke karanta komai.

Abin da ake bukata kawai ya yi shiru. Ba ƙarya zai yi ba, bakinsa zai kama, kuma ba wanda aka taɓa ɗaurewa don ya kama bakinsa.

Ta ƙofar baya aka shigar da shi, kamar kullum. Dulcie, ma'aikaciyar kotu mai ɗaurin makullai a ƙugu, ta zaunar da shi a ƙaramin ɗaki ta ce saura minti biyar. Ya ciro waya ya kira gida. Ya gaya wa Noelene zancen shafin, abin da bai kamata ya gaya wa kowa ba, ya ce mata yana jin tsoro, kuma yau yana son ya zama ɗan iska sau ɗaya a rayuwarsa.

Ta saurare shi har ya gama.

"Shekara arba'in ina kallon fuskarka," ta ce. "Ita nake so in tafi da ita cikin duhu, yadda na san ta. Teku kuwa, ai ana jin ƙararsa."

Ya goge ido da laktayar da ta ɗaura masa, ya zagi mai awon teku, ya zagi guguwa, ya haɗa har da wanda ya ƙirƙiro mil uku. Dulcie ta taimaka masa ya zura baƙar riga, ta ƙwanƙwasa ƙofar zauren kotu sau uku, kowa a ciki ya miƙe tsaye.

Mai Shari'a Warwick Tremlett ya hau kujerarsa ta kotun tarayya, ya dubi lauyoyin da ke murmushi sun riga sun tattara jakunkunansu, ya ce, "Ku zauna, ku buɗe kwali na talatin da ɗaya. Shari'ar nan tawa ce."