Ɗaki a Tashar Sama

"Haɗa kayanki, jibi za mu koma Kano," in ji baffan yarinyar, yana ture wayar da take nuna masa.

Hoton tashar da Sinawa ke shirin haɗawa a sararin samaniya ne, ɗaki bayan ɗaki, har mutane su zauna a ciki. Jami'a ta ba ta gurbin koyon ƙera irin waɗannan ɗakunan. Shi kuwa daga baje kolin Pazhou ya biyo shagonsu na ginin Tianxiu, a nan ƙasar Sin, don ya kwashe iyalan ƙaninsa marigayi.

"Baffa, ba inda zan je."

"Ke! Sinawa ne za su ba Bahaushiya ɗaki a sama? A nan aka haife ki, amma mahaifinki da kansa ya ce a aika da cibiyarki gida a binne. Can za ki koma."

Mahaifiyarta, wadda ba ta taɓa musa masa ba, ta ajiye atamfar da take ninkewa. Ta zuge jakarta, ta ciro wani tsohon ƙullin farin ƙyalle.

"Yaya, ya ce a aika, ni kuwa ban aika ba. Na nemi inda zan tona a garin nan, ko'ina siminti."

Ta danƙa wa 'yarta ƙullin, ta rufe mata yatsu a kai.

"Ga cibiyarki, ƙasar kowa ba ta riƙe ta ba. Kai ta inda kika ga dama."