Inda Motar Baba Take Rage Gudu

Karo na huɗu ke nan a mako guda. Auta ta saita na'urar riƙe gudu a kan tamanin, ta ɗauke ƙafa daga totur. Tana sauka daga gadar sama sai motar ta fara rage gudu da kanta. Sittin, arba'in, ashirin da biyar. Mai tirelar da ke bayanta ya danna oda, ya leƙo ya zage ta tas. Ita kuwa idonta na kan allon gaban sitiyari. Can gaba kaɗan motar ta koma tamanin abinta, sai ka ce ba ita ba.

Abin ya samo asali ne tun ranar da saƙo ya fito a allon cewa an sabunta manhajar motar. Kuma wuri ɗaya tak take yin wannan iya shege. Babu rami a wurin, babu kwana, babu makaranta. Bayan gine-gine ne kawai, da tankunan ruwa da igiyoyin shanya.

Motar Baba ce. Bayan rasuwarsa da wata uku aka raba gado, ta faɗo a kasonta. Da can bas take shiga, ta ratsa kasuwa har ƙofar shagon ɗinkinta. Yanzu da ta yi mota sai take zagayowa ta babbar hanya.

Shagon nan shi ya raba ta da mahaifinta. Tun tana 'yar shekara biyar Baba yake kiran ta Likita. Tana aji huɗu a karatun likitanci ta tattara littattafanta ta dawo gida, ta ce ita ɗinki take so. Baba bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta taka shagon nan ba." Mutum ne mai magana ɗaya. Ranar buɗe shago ta ajiye masa kujera, har aka watse ba wanda ya zauna a kai.

Shekara bakwai aka yi a haka. In ta je gaishe shi, "Lafiya" kawai yake cewa, ya ci gaba da karanta jarida. Ita kuma ta duƙufa. Kullum da safe takan hau bene, ta ɗaure koren labule gefe guda, ta zauna a kan keke a bakin tagar baya, don nan haske ya fi. A wurin ta ɗinka masa wata farar riga da hannunta. Bayan rasuwarsa aka same ta a durowa, a ninke yadda ta kai masa.

Ranar da ciwon ajali ya kama Baba, kafin ta isa asibiti rai ya yi halinsa. Ranar uku ta ja yayanta gefe.

"Yaya, don Allah, bai ce komai a kaina ba?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Kin san Baba. Tun da ya bar aiki, sai dai ya ɗauki mota da safe wai shan iska, ya dawo ya shige ɗaki. Wa yake yi wa magana?"

Abin da ke cin ta ke nan: mahaifinta ya tafi kabari yana fushi da ita, kuma babu ranar gyarawa. To ga motarsa ma ta ɗora daga inda ya tsaya, tana neman sa tirela ta bi ta kanta.

Ta kai motar garejin kamfani. Injiniya ya jona kwamfuta, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya.

"Hajiya, motarki lafiyarta ƙalau, biyayya ce ta yi mata yawa. Sabuwar manhajar tana duba tsohon tarihin tuƙi ne. Duk inda direba ya saba taka birki, ita ma sai ta rage. Wanda ya riƙe ta kafin ke, a wurin nan yake ragewa. Kin ga, sau dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai, kuma duk da safe. Me ke wurin?"

"Babu komai," in ji ta. "Tsoho ne, da taka-tsantsan irin na tsufa."

"To in goge tarihin? Amma fa in ya tafi ya tafi ke nan."

Ta tuna jaridar nan da kujerar nan da farar rigar. Ta dubi injiniyan.

"Goge shi duka."

Minti biyu ya gama. Ya miƙa mata mukulli, ya ce ta gwada a hanya.

Ta hau babbar hanya, ta saita tamanin, ta ɗauke ƙafa. Ga gadar sama, ga gangara. Allurar gudu ba ta ko motsa ba. Auta ta sauke ajiyar zuciya, kuma a karon farko tun da abin ya fara ta ɗauke ido daga allon, ta juya ta tagar direba ta ga wai me ke wurin.

Tsakanin wani ɗakin ajiyar kaya da tankin ruwa akwai 'yar rata da ba ta fi faɗin ƙofa ba. Ta cikinta ana hango tagar wani bene, koren labule a ɗaure gefe guda, da keken ɗinki, da kujerar da take zama a kai kullum da safe, motar kuwa ta wuce wurin a kan tamanin.