Muryar Baba a Aji

Tun da na'ura ta karɓi koyarwa, babu sauran malami ko malama. Bana kuma aka ce yara maza sun fi ganewa da muryar namiji, sai makarantar su Nafi'u ta naɗi muryar uban kowane yaro ta sa wa na'urar.

Ranar farko Nafi'u ya faɗo gida a guje, ko takalmi bai cire ba.

"Baba! Yau ka koya min lissafi! Na yi ta kuskure, ko tsawa ba ka yi ba. Har ka ce, 'Madalla, yarona!'"

Mahaifinsa, Hashimu, ya washe baki, ya jawo shi jikinsa. "Madalla, yarona."

Nafi'u ya ɗago kai, ya yamutsa fuska.

"A'a, Baba. Ba haka kake faɗa ba."