Marinin da Hannunsa Ya Koma Fari

Ka ce tun da aka sanar da kai za ka ajiye aiki ba ka da sukuni, wai in an karɓe kujerar ba ka san ko kai wane ne ba. To zauna, ƙanena, in ba ka misali, don ni fargabarka ce ma take ba ni tsoro, ina ganin ba a wurin da ya dace ka ajiye ta ba.

An yi wani marini a wani gari. Yana yaro ɗan gidan marina ake ce masa, aikinsa ɗebo toka. Da ya zama saurayi aka bar shi ya tsoma hannu a ruwan baba, ya fito da shi shuɗi har gwiwar hannu, ranar ko wanka bai yarda ya yi ba. Da ya zama magidanci hannun nan ya zame masa suna. In ya miƙa shi a kasuwa, baƙo ma ya san da wa yake gaisawa. Sai tsufa ya zo, baya ya ƙi sunkuyo, 'ya'yansa suka karɓi rijiyoyin rinin, babbar 'yarsa kuma ta ɗauke shi zuwa garin da take aure don ya huta. Hutun nan shi ya zame masa ciwo. Shunin ya fara barin fatarsa, daga dantse ya sauko wuyan hannu, daga nan sai gindin farce. Kowace safiya sai ya fita rana ya juya tafinsa yana dubawa. Ya daina wanke hannu da sabulu. Har cewa ya yi a sayo masa shuni na wanki ya riƙa shafawa, 'yarsa ta yi ta ba shi haƙuri, jikoki na dariya a ɓoye. Shi kuwa tsoronsa ɗaya ne, ranar da launin zai ƙare ya wuce a titi ba wanda zai san shi, kamar bai taɓa zama kowa ba.

Ranar ta zo kuwa. Hannu ya yi fes, ya cusa shi cikin aljihu ya tafi wurin wanzami, ya zauna a benci ba wanda ya ɗaga kai. Wanzamin ya ɗan jinkirta wajen wasa aska, sai marini ya ja wani dogon tsaki, ya ce aikin banza, ko kaza ba za a ba wannan ya fige ba. A gefe akwai wani tsoho wanda idonsa ya mutu, mutumin garinsu ne da ya baro gida tun da jimawa. Ya juyo da kunnensa ya ce, "Ɗan gidan marina, ashe kana raye? Wannan tsakin ai tun muna wasan langa yake korar mu." Ya lalubi sandarsa, ya matsa can ƙarshen benci. Marini ya tashi ya koma gida. An gane shi, abin da yake ta nema ke nan, amma da ya sani da ya gwammace a wuce shi. Shekara da shekaru yana gadin hannu, ashe abin da mutane suka riƙe a bakinsa yake.

Kai ma kujera za ta tafi, yadda ƙuruciyarka ta tafi ba ta yi maka sallama ba. Abin da nake jiye maka shi ne wanda zai rage, don da shi za a kira ka, ko kana so ko ba ka so. Hausawa suka ce, hali zanen dutse.