Tsohon da Ke Bin Layin Kopila

Curin shinkafa uku tsohon ya dire a gaban Kopila, ya ɗora yatsa kan na farko.

"Karanta."

"Kifi da gishiri, Baba."

Yatsan ya matsa. Ta karanta na biyu, ta yi tuntuɓe a na uku, ta gyara. Ya yi gyaran murya, ya ture biyu gefe, ya biya ɗaya, ya fita ko sai an jima babu.

Kopila 'yar Nepal ce. Karatu ya kawo ta Japan, aikin wannan ƙaramin kanti na birnin Hamamatsu kuwa shi ke biya mata haya da makaranta. Kanti ne da ba ya rufewa, inda mutum zai biya kuɗin wuta, ya aika kaya, a ɗumama masa abinci, duk a tsaye. Tana son aikin, in ban da wannan tsoho, Baba Oshiro.

Tun farkon bazara ya ɓullo, kullum da hantsi, cikin riga ɗaya mai guga. Ranar farko gwangwanin abincin kyanwa ya saya. Kopila ta tambaye shi lafiyar kyanwar don ta nuna ladabi. Ya kalli gwangwanin, ya kalle ta, ya haɗe rai. Washegari jarrabawa ta fara.

Komai sai ta karanta masa da ƙarfi: sabulu, miya, takardar kuɗin ruwa, jadawalin kwasar shara. Ko da layin Fumie, abokiyar aikinta 'yar gari, babu kowa, sai ya tsaya bayan mutum biyar a layin Kopila yana jira.

"Ga saurayinki nan ya iso," in ji Fumie ƙasa-ƙasa. "Kin yi bita kuwa?"

"Yaya Fumie, don Allah karɓe shi yau."

"Ni? Ai bai san ina duniya ba. Dubi tsayuwarsa, wallahi tsohon shugaban makaranta ne. Maganarsa ma irin ta kakata ce, ta mutanen da."

Kopila ta yarda. Irin tsofaffin nan ne da ba sa son ganin baƙo a bayan kanta. Ta dinga kwasar ledojin kaya zuwa ɗakinta tana haddace rubutunsu, har ta kai ta san sunan kowace miya a kantin, ko da ba ta taɓa ɗanɗana ta ba.

Sai mai kanti ya kira ta gefe. Wani ya kai ƙara cewa baƙin ma'aikata ba su iya karatu ba, suna ɓata wa mutane lokaci. Kamfani zai turo mai duba aiki. Wanda bai gamsar ba, za a rage masa kwanakin aiki. Kopila ba ta tambayi wanda ya kai ƙarar ba. Tana ganin ta san shi, har da rigarsa.

Mai dubawar mace ce, Uwargida Kuwabara, siririya mai biro a hannu. Ta tsaya gefen injin kofi tana kallo. Kopila ta sallami mutum goma ba kuskure, ta fara samun numfashi. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara.

"Saurayi," in ji Fumie, amma wannan karon ba dariya.

Ya zaga, ya dawo da kwalbar wani sabon tsimin kayan lambu da aka kawo da safen nan. Rubutun jikinta irin na buroshi ne, a murɗe kamar sawun tsutsa. Ya dire ta, ya ɗora yatsa.

"Karanta."

Kopila ta duba. Ta juya kwalbar, ta sake dubawa. Layi ya fara tsawo. Ta ji biron nan ya taɓa takarda. Za ta iya yin ƙarya ta ce kabeji ne, amma gaban shugaban makaranta?

"Baba, wannan ban iya ba," ta ce. "Ka kayar da ni yau. Karanta min kai, in koya."

 Kunnuwan tsohon suka yi ja.

Uwargida Kuwabara ta matso da sauri, ta rusuna. "A gafarce mu, Malam. Daga gobe za mu sa wadda ta ƙware a wannan layi."

"Kar ku soma!" Muryarsa ta sa har wani mai zaɓar jarida ya waiwayo. "Ranar da kuka ɗauke yarinyar nan, kun daina ganina. Kaf unguwar nan babu mai aiki kamarta."

Matar ta dube shi, ta dubi Kopila, ta ja layi kan abin da ta rubuta, ta mayar da biro aljihu.

Kopila ta rasa ta gode ko ta yi kuka. "To, Baba, in haka ne, me ya sa kullum kake gwada ni gaban mutane? Ni ba ɗalibar makarantarka ba ce."

"Makarantata?" in ji shi. Fumie ta sunkuya ta hau gyaran ledoji. Tsohon ya yi dariya a karon farko, gajeriya, sannan ya matso ya rage murya.

"'Yata, a gonar kofi aka haife ni, can Brazil. Fuskar ce kawai ta nan, aikin masana'anta ya kawo ni. Matata ce ke karanta min komai, ta rasu kafin bazara. Gwangwanin kyanwar nan ma, na zaci abincin mutane ne. Wa zan tambaya da wannan furfura bai yi min dariya ba, in ba baƙuwa irina ba? Ko harafi ɗaya ban iya ba."